Kafso ko allura: yadda penisilin da danginsa ke kashe ƙwayar cuta

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, yanzu ina zaman sanin makamar aiki a wani asibiti. An koya mana cewa penisilin da amoksisilin da seftiriyazon duk bangon ƙwayar cuta suke rusawa, amma haddacewa kawai na yi, ban gane ba. In aikinsu ɗaya, me ya sa ake shan amoksisilin sau uku a rana, seftiriyazon kuwa allura ɗaya ta wadatar? Shi ne ya fi ƙarfi ke nan? Majinyata da yawa in ba a rubuta musu allurar ba sai su ga kamar an raina ciwonsu. Kuma me ya sa wani lokaci ake ba da su amma ba sa aiki?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki, so kike ki san ko a cikin magungunan nan akwai babba akwai ƙarami, allura a sama kafso a ƙasa. Ba haka abin yake ba. Duk wuri ɗaya suke kai hari. Abin da ya raba su shi ne wace ƙwayar cuta kowanne ke iya isa gare ta, da tsawon lokacin da yake yi a jini kafin jiki ya fitar da shi. A aikina na harhaɗa magunguna a asibiti, yawancin ɓarnar da nake gani daga rashin gane wannan take fitowa, kuma ba daga majinyata kaɗai ba, har da mu ma'aikata.

Bangon da maginansa

Bakteriya ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Cikinta ya fi ruwan da ke kewaye da ita kauri saboda gishiri da sukari da sauran sinadaran da ta tara, don haka kullum ruwa na tsotsuwa zuwa cikinta yana kumbura ta. Tantanin da ya lulluɓe ta ba shi da ƙwarin jure wannan matsi. Abin da ke riƙe da ita wani bango ne a bayan tantanin, wanda masana ke kira peptidogilaikan: dogayen zaruruwa na sukari iri biyu da aka jera bi da bi, sannan aka ɗaure kowane zare da maƙwabcinsa da gajerun sarƙoƙin amino asid. Ƙwarin bangon duk daga ɗaurin nan yake. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ba su da irin wannan bango sam. Shi ya sa ake iya ɗura wa mai sanƙarau penisilin mai yawan gaske ta jijiya bai ci naman jikinsa ba, shi ya sa kuma wannan dangi na cikin waɗanda aka fi samun natsuwa wajen ba wa mai ciki da mai shayarwa da jariri.

Ki ɗauki mai gidan da iyali suka yi wa yawa, yana son faɗaɗa ɗaki. Dole a fasa gefen bango, magini ya zo ya jera sabon tubali. Haka bakteriya ke girma har ta rabu biyu: tana da ma'aikata masu kwance tsohon ɗauri, tana da magina masu yin sabo. Maginan nan su ne furotin ɗin da za ki gani a littafinku da sunan PBP. A ƙirar penisilin akwai wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu, ana ce masa bita-laktam, siffarsa ta yi kama da bakin sarƙar da magini ke kamawa ya ɗaura. Sai ya cafke shi a zaton kayan aiki ne, zoben ya ɓalle ya maƙale masa, shi ke nan ya tashi daga aiki. Masu fasawa kuwa ba wanda ya ce su dakata. Bango ya yi ta rauni, ruwa ya yi ta shiga, ƙwayar ta fashe. Wasu masana biyu a Amurka, Tipper da Strominger, su suka yi wannan bayani a 1965, bayan an shafe fiye da shekara 20 ana ceton rayuka da maganin. Ampisilin, amoksisilin, kiloksasilin, sefuroksim, seftiriyazon, meropenem, duk suna ɗauke da zoben nan. Rassan da aka liƙa a gefensa ne suka bambanta.

Daga nan za ki iya ciro abubuwa da yawa da kanki ba sai kin haddace ba. Maganin ba ya rusa bangon da aka gama, aikin gini yake ɓatawa, don haka ya fi cin ƙwayar da ke tsakiyar hayayyafa. Ƙwayoyin da ke kwance a cikin mugunyar babban maruru ba sa wani girma, maganin ma da ƙyar yake kutsawa wurin, shi ya sa tsaga marurun a fitar da mugunya ya fi kwali guda na kafso amfani. Abin da kuma ba shi da bango, ba ruwan penisilin da shi: bairos ɗin mura, ƙwayar maleriya, da wata bakteriya mai sa ciwon huhu da ake kira maikopilazma. Mai ciwon sanyin da aka yi wa allurar seftiriyazon ma, akan haɗa masa da doksisaikilin ne saboda kilamidiya, wadda sau da yawa take tafiya tare da shi kuma allurar ba ta maganinta.

Bangon kansa iri biyu ne. Tun 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya gano cewa in aka rina bakteriya, wasu suna riƙe launin shunayya, wasu suna sakinsa in an wanke. Masu riƙewa, irin su stafilokokas na maruru da stireptokokas na ciwon maƙogwaro, bangonsu mai kauri ne amma a fili yake, magani na isa gare shi kai tsaye. Marasa riƙewa, irin su ikolai na ciwon mafitsara da salmonela ta taifot, bangonsu siriri ne amma akwai wani tantani na biyu da ya rufe shi ta waje, sai ta wasu ƙananan ƙofofi ake shiga. Penisilin na asali ba ya wuce yawancin ƙofofin nan. Ampisilin da ya fito a 1961 yana wuce wasu, seftiriyazon ya fi shi wucewa. Wannan faɗin wurin da yake kaiwa shi mutane ke ɗauka ƙarfi ne.

Amma dubi inda wanda ake kira babban yake kasawa. A kan stafilokokas, kiloksasilin ya fi seftiriyazon. A kan listeriya, wadda kan sa jarirai da tsofaffi sanƙarau, seftiriyazon ba ya tsinana komai, sai an ƙara ampisilin. Tunjere har gobe penisilin ne maganinsa na farko, musamman ga mai ciki: allurar benzatin, yunit miliyan 2.4 a tsoka. Ƙwayar ciwon maƙogwaro mai jawo ciwon zuciya ga yara ita ma har yau ba ta koyi kauce wa penisilin ba, bayan fiye da shekara 80.

Maganar agogo

Nan ne nake son ki fi tsayawa, domin nan aikinki yake. Alexander Fleming ya ga funfuna ta kashe bakteriya a farantinsa a asibitin St Mary's da ke Landan a 1928, amma sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oksfod suka tace maganin kafin ya shiga jikin mutum. Majinyacin da suka fara gwadawa a kansa sosai a 1941 ɗan sanda ne, Albert Alexander. Ya fara samun sauƙi, sai magani ya yi ƙaranci, har suka riƙa tara fitsarinsa suna sake tace penisilin daga ciki suna mayar masa. Daga ƙarshe ya ƙare, ciwon ya dawo, ya rasu. Abin lura shi ne fitsarin: ƙoda tana fitar da penisilin da saurin gaske, kusan yadda ya shiga. Cikin kamar minti 30 rabin abin da ke jini ya tafi. Ampisilin da amoksisilin, kamar awa guda.

Yi lissafin da kanki. In rabi na tafiya duk awa, bayan awa shida abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin 64. Su kuwa waɗannan magunguna, kisan da suke yi bai dogara da yadda suka cika jini a lokaci guda ba. Da zarar sun kai adadin da ke hana ƙwayar girma suka ɗan ninka shi, ƙarin da aka yi ba ya ƙara saurin kisa. Abin da ake so shi ne su daɗe a saman wannan adadi, kusan rabin lokacin da ke tsakanin sha da sha ko fiye. Da sun sauka, ƙwayoyin da suka tsira su ƙera sababbin magina su ci gaba da gini. Mutumin da ya haɗiye kafso biyu da safe don ya huta da na rana, awa ɗaya tak ya ƙara wa kansa, ya bar sauran yinin a buɗe.

Seftiriyazon ya sha bamban ne saboda yawancinsa yana manne wa furotin ɗin jini, ƙoda ba ta samun tace shi da wuri, wani kaso kuma ta hanta yake fita cikin ruwan ɗaci. Rabinsa na ɗaukar kimanin awa takwas kafin ya tafi. Iyakar sirrin allura ɗaya a rana ke nan. Benzatin ya fi shi ma daɗewa, domin yana zama a tsoka yana narkewa kaɗan-kaɗan har makonni, abin da ya sa ake yi wa yaro mai ciwon zuciyar da na ambata duk bayan mako uku ko huɗu. Shi kam ko da wasa ba a sa shi a jijiya, yana iya kisa.

Abin da na fi gani in na ɗaga takardar magani ta gefen gado a ɗakin yara shi ne wannan: an rubuta ampisilin duk awa shida, an sa hannu a na shida na safe, na sha biyun rana, na shida na yamma, gidan sha biyun dare kuwa fayau. In na tambaya, ko kanula ta toshe an bari sai da safe, ko yaro ya samu barci an ji tausayin tashinsa, ko magani ya ƙare uban ya fita neman kuɗi. Awa 12 ke nan ba allura, mafi yawansu jinin yaron kusan ba magani. Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, sai a ce ampisilin ya kasa, a canza zuwa mai tsada. Ni a wurina, nas ɗin da ke tsare allurar tsakar dare ta fi canjin magani amfani ga yaron nan. Haka ma da azumi, wasu kan tattara na sau uku tsakanin buɗa baki da sahur. Gara majinyaci ya gaya wa likita, ko a duba masa wanda ake sha sau biyu, ko ya karɓi sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya.

Za ki ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba yaro mai nimoniya amoksisilin sau biyu a rana na kwana biyar, kada ki ce na yi miki ƙarya. An ƙara yawan abin da ake ba shi ne sosai, kimanin miligiram 40 ga kowane kilo a kowane sha, aka gwada aka ga yana warkarwa, kuma uwa ta fi iya kiyaye safe da dare. Wannan lissafi ne da aka yi da gangan, ba ya halatta wa kowa ya rage nasa.

Abinci ma yana shiga lissafin. Ampisilin na baki, ƙasa da rabinsa ke shiga jini, in ciki da abinci ya ƙara raguwa. Amoksisilin mafi yawansa na shiga, ko an ci ko ba a ci ba. Kiloksasilin ciki ba komai ake shansa, sefuroksim kuwa bayan abinci. A nan bari in faɗi ra'ayina a kan haɗin ampisilin da kiloksasilin, wanda kowa ya sani da Ampiclox: kafso ɗaya na ɗauke da miligiram 250 na kowanne, wato kowanne ɗan kaɗan, kuma da wuya ciwo ɗaya ya buƙaci su biyun tare. In maruru ne a ba da kiloksasilin isasshe, in huhu ne amoksisilin isasshe. Ɗiga wa jariri lafiyayye shi bayan haihuwa wai don wanke ciki, ko shansa bayan saduwa wai don hana ɗaukar ciki, duk ba su da tushe.

Me ya sa wani lokaci ba sa aiki

Tun 1940, kafin a fara ba majinyata penisilin, Chain da abokin aikinsa Edward Abraham suka gano bakteriya mai fitar da sinadarin da ke yanke zoben bita-laktam kafin ya isa ga magini. Sunansa bita-laktamas, shi ne babban makaminsu har yau. Stafilokokas ya riƙe shi da wuri, aka ƙera metisilin da kiloksasilin waɗanda sinadarin ba ya iya yankawa, sai ga shi a 1961 an ba da rahoto a Ingila na wanda ya kauce wa metisilin ɗin ma. Shi wannan, MRSA, sabon magini ya samo wanda ba ya kama zoben, don haka kusan duk dangin ba sa cinsa. Hanya ta uku ta marasa riƙe launin Gram ce: su rage ƙofofin shiga, ko su riƙa turo maganin waje.

Sanin wace dabara ƙwayar ta yi shi ke nuna abin yi. Asid ɗin kilabulanik da ke cikin Augmentin shi kansa kusan ba ya kashe komai, aikinsa ya shagaltar da bita-laktamas har amoksisilin ya wuce. Amma ƙwayar nimoniya, numokokas, ba da bita-laktamas take kare kanta ba, maginanta ta sauya kaɗan. Ita ƙarin yawan amoksisilin ke maganinta, kilabulanik ba abin da zai ƙara sai kuɗi da zawo. Sau da yawa nakan ga uba ya biya kuɗi ninki-ba-ninki a kan abin da mai arha zai yi.

Illar allurar seftiriyazon ga kowane zazzaɓi, musamman bayan gwajin taifot na Widal wanda ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, ita ce tana share ƙwayoyin hanji masu rauni ta bar masu bita-laktamas mai faɗi, waɗanda ake kira ESBL. Su sai meropenem da 'yan'uwansa, su ma an riga an samu masu yanka su, kamar NDM-1 da aka fara gani a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya. A lardin Sindh na Pakistan, taifot da ba ta jin seftiriyazon ta ɓarke a 2016. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa amoksisilin a rukunin da ake fara ɗauka, seftiriyazon a rukunin da ake sa wa ido.

Kafin dai ki ɗora wa ƙwayar cuta laifi, duba na kusa. Ciwon ma na bakteriya ne? Akwai mugunyar da ba a fitar ba? An tsallake lokaci? Maganin na gaske ne, da lambar NAFDAC, daga wurin da aka sani? Ruwan Augmentin na yara, da zarar an zuba masa ruwa firij yake so kuma kwana bakwai ne iyakarsa. Uwa kan kawo min kwalba ta kwana biyar a ɗaki da zafin bazara, fari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, tana cewa bai yi aiki ba. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙwayar amoksisilin mai narkewa a cokali ta fi siraf.

Wane magani ya dace da majinyaci kaza, wannan ba abin da zan yanke daga nesa ba ne. Na likitan da ya duba shi ne, da nauyinsa, da lafiyar ƙodarsa, da abin da lab ɗin asibitinku ke gani, domin ƙwayoyin wani asibiti ba su ne na wani ba. Ki roƙi ma'aikatan lab su nuna miki farantin gwaji: bakteriya ta rufe shi ruf, an jera 'yan takardu masu magani a kai, kewayen wanda ke ci ya yi wasai, a auna faɗinsa da rula, wanda ba ya ci kuwa ƙwayar ta tsiro har jikinsa. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma a ɗebi jini ko fitsarin kafin allurar farko.

Akwai masu taɓa bangon da ba 'yan gidan bita-laktam ba. Bankomaisin tubalin yake rungumewa magini ya rasa wurin kamawa, shi ya sa yake cin MRSA, amma ya yi girma da ƙofofin marasa riƙe launin Gram. A hankali ake ɗura shi, awa guda ko fiye, in ba haka ba fuska da wuya su yi jajir, kuma ana lura da ƙoda. Fosfomaisin matakin farko na ƙera tubalin yake tarewa, giram 3 sau ɗaya ga ciwon mafitsara mara tsanani. Basitirasin na shafawa ne. Ƙwayar tarin fuka bangonta mai maiƙo ne na daban, isoniyazid da etambutol ke taɓa shi.

Abin da za ki kiyaye a gefen gado

Rashin bango a jikinmu bai sa sun zama ruwan sha ba. Zawo ya fi yawa, domin suna kashe bakteriyar hanji masu amfani. Mai ciwon ƙoda, magani na taruwa masa har ya kai ga jijjiga in ba a rage ba. Jariri sabon haihuwa mai shawara ba a yi masa seftiriyazon, saboda yana ture sinadarin shawarar daga furotin ɗin jini ya haura ƙwaƙwalwa. Ba a kuma narka shi ko haɗa shi a layi ɗaya da ruwan da ke da kalsiyam, irin su Ringa. Ampisilin da jentamaisin suna taimakon juna a jikin jariri mai cutar jini, na farko ya raunana bango na biyu ya samu shiga, amma in kika zuƙe su a sirinji ɗaya, ampisilin zai lalata jentamaisin ɗin.

Sai maganar "penisilin ba ya karɓa ta". A ƙasashen da aka bincika, kusan mutum ɗaya cikin goma ke faɗin haka, amma in an gwada su, fiye da tara cikin goma na masu faɗin ba abin da ke samunsu. Don haka kada ki rubuta kawai, ki tambaya: me ya faru, yaushe, bayan minti nawa da sha? Tashin zuciya da zawo ba su ne ba. Borin jini nan take, kumburin leɓe ko harshe, sarƙewar numfashi, faɗuwa, ko fata ta saluɓe, waɗannan ki rubuta su da manyan baƙi a saman kati ki sanar da likita, shi zai duba ko sefalosporin, wato dangin seftiriyazon da sefuroksim, zai yiwu, tunda ƙalilan ne daga cikinsu ke yin bori da shi ma. Duk wanda kika yi wa allurar penisilin, musamman benzatin, ya zauna a gabanki kamar minti 30 kafin ya tafi, kuma kada ki fasa kwalbar sai kin tabbatar akwai adirinalin, allurar ceto in jiki ya yi bori, a tire, wanda kwanan watansa bai wuce ba.